Alkawarin "Littafi na Gaba": Nazarin Jimlar Rufewa a Adabin Kasuwar Kano

Tun daga shekarun 1980 marubutan adabin kasuwar Kano suka saba raba labari guda zuwa ƙananan littattafai: na ɗaya, na biyu, na uku. Littattafan kan ƙetaro iyaka har kasuwannin Maraɗi da Damagaram, kuma koken da ke biye da wasunsu ɗaya ne: an saya, an karanta, an jira, ci gaban bai fito ba.

Dalilan tsayawar sanannu ne. Galibi marubuci shi ke buga littafinsa, da cinikin na ɗaya ake buga na biyu, don haka in kasuwa ta ƙi ko takarda ta yi tsada sai labari ya tsaya. Wani kuma yakan fara rubutu bai san ƙarshen labarinsa ba, har ya ƙulla abin da ya kasa kwancewa, basira ta toshe.

Abin da ya shafi ɗalibin harshe shi ne jimlar da ke rufe kowane kashi. J. L. Austin, a littafinsa na 1962, ya nuna cewa wata maganar ita kanta aiki ce. John Searle kuma, a 1969, ya bayyana sharuɗɗan alkawari, ciki har da niyyar cikawa. Hausa na da siga uku da marubuci zai iya zaɓa:

1. "Za mu haɗu a littafi na biyu": lokaci na gaba na ɗaya, mai ɗauke da tabbaci.
2. "Mâ haɗu a littafi na biyu": lokaci na gaba na biyu, wanda ke barin ƙofar shakka a buɗe.
3. "Mu haɗu a littafi na biyu": umartau, wato gayyata, wadda ke nuna mai gayyar zai hallara.

Siga ta ɗaya da ta uku bashi ne a kan marubuci, ko da ya ƙara "in Allah ya yarda". Mai tatsuniya kan sallami masu saurare da "ƙurunƙus", amma kashin littafi riƙe mai karatu yake yi bayan ya biya kuɗinsa. Daga nan fushin ke tasowa, domin alkawari kaya ne.

Ɗalibin da ke neman batun kundi zai iya tattara jimlolin rufewa na littattafai hamsin, ya rarraba su bisa waɗannan sigogi, sannan ya bincika waɗanne aka cika.