Darasi Na Shida: Zagayen Ɗaukar Hoto a Abuja

Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Ɗalibin da aka sa ya siffanta abin da bai taɓa gani ba, kame-kame zai yi. Don haka ake son malami ya riƙa fita da ɗalibansa ziyarar ilimi, su ɗauko hotunan da za su zama tushen darasin insha'in siffantawa.

Tsarin Zagaye

Abuja ta zama mazaunin gwamnatin tarayya ranar 12 ga Disamba, 1991. Jagora kan fara da Masallacin Ƙasa, wanda aka gina a 1984, mai ƙubba ruwan zinariya da hasumiya 4. Daga nan sai Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa da dandalin Eagle Square, inda ake hango Dutsen Aso, a ƙare a lambun Millennium Park da aka buɗe a 2003.

Abubuwan Lura

1. A fita da hantsi ko da la'asar, domin rana tsaka takan dusashe launi, hazon hunturu kuma yakan ɓoye dutse.
2. Mai ɗauka ya ba rana baya.
3. A nemi izini kafin a ɗauki mutum ko wurin ibada.
4. A guji fadar shugaban ƙasa da wuraren tsaro, don kada a jefa ɗalibai cikin matsala.

Auna Fahimta

A zaɓi hoto ɗaya a siffanta shi cikin jimloli 10.