Darasin Juma'a: Idan Fargaba Ta Wuce Iyaka



Babu ɗan kasuwar da bai san faɗuwar gaba ba. Motar albasa ta taso daga Arewa, kwana biyu direba bai ɗaga waya ba. Mai shago na neman kuɗin haya. An bugo daga gida yaro ba lafiya. Irin wannan damuwa ba cuta ba ce. Ita ke sa mutum ya tashi tsaye, kuma da zarar mota ta iso hankali ya kwanta. Darasinmu na yau kan fargabar da ba ta tafiya ne, ko da abin da ya kawo ta ya wuce.

Idan mutum ya hango haɗari, ƙwaƙwalwa kan sa jiki ya saki wani sinadari da ake kira adirenalin. Nan take zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, gumi ya keto, baki ya bushe. Shiri ne na gudu ko kare kai. Mai ciwon fargaba kuwa, jikinsa kan yi wannan shiri alhali babu abin gudu. Shi ya sa da yawa ba sa cewa "ina jin tsoro". Sai dai ka ji "ƙirjina ke zafi", "kaina ya yi nauyi", ko "wani abu ke yawo a jikina". Ba ƙarya suke yi ba, da gaske suna jin abin.

Ciwon iri-iri ne. Akwai damuwar da ba ta da takamaiman dalili: yau kuɗi, gobe yara, jibi lafiya, kusan kullum har wata 6 ko fiye, ga rashin barci, saurin fushi da gajiya. Akwai firgici na farat ɗaya: mutum na zaune lafiya sai zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, ya ji kamar ajali ne ya zo. Yakan kai ƙololuwa cikin 'yan mintoci, sannan ya lafa. Akwai tsoron shiga jama'a, har mutum ya daina zuwa ɗaurin aure ko taron suna. Akwai kuma wani makamancinsu da ke biyo bayan tashin hankali, kamar rikicin kasuwar Sasa a Ibadan a Fabrairun 2021, inda aka ƙone shaguna. Wanda ya ga irin wannan, wani lokaci ihun yara kaɗai kan sa jikinsa ya ɗauki rawa bayan shekaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 301 ke fama da ciwon fargaba, mata sun fi maza yawa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. A wurinmu kunya ce babbar katanga. Sai a ce raunin imani ne, ko iska, ko sammu. Jama'a, mu yi hattara da wannan hukunci. Ba ma ce wa mai hawan jini ya rasa tawakkali. Manzon Allah (SAW) ya koyar da neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ya kuma yi umarni da neman magani. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

To, me za a yi? Na farko, wanda ya ji ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ya je likita ya duba shi, domin ciwon zuciya, ƙarancin jini da matsalar ƙwayar maƙogwaro mai haddasa maƙoƙo duk suna iya kama da fargaba. Idan an tabbatar fargaba ce, akwai magani ta hanyar zama da ƙwararre, a koya wa mutum gane tunanin da ke firgita shi, ya kuma fuskanci abin da yake gudu sannu a hankali. Akwai ƙwayoyi ma, amma sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ba a daina su kwatsam sai da shawarar likita. Asibitin UCH a Ibadan, asibitin Aro a Abeokuta da na Yaba a Legas duk suna da masu wannan aiki. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Na biyu, a rage goro, kofi, shayi mai kauri da lemun ƙara kuzari, musamman bayan La'asar, don suna ƙara bugun zuciya, su hana barci. A guji sayen diazepam ko tramadol a kemis ba da takardar likita ba. Sauƙinsu na ɗan lokaci ne, sabonsu kuwa wata cutar ce ta daban.

Na uku, idan firgicin ya taso wa wani a gabanka, kada a taru a kansa. Zaunar da shi, ka yi masa magana a natse, ya ja numfashi a hankali, ya sake shi a hankali fiye da yadda ya ja.

Maigida, idan uwargida ta ce gabanta na yawan faɗuwa, kada ka ce raki ne. Sau da yawa tana wuni ita kaɗai, nesa da danginta, cikin mutanen da ba ta jin yarensu. Ka saurare ta, ka kai ta asibiti. Wanda kuma ya fara furta cewa ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar.

Allah Ya yaye mana damuwa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.