Kallon ƙwallo da damina

A ƙarshen watan Yuni ake rufe makarantu, babban hutu ya fara. Lokacin kuma damina ta faɗi. Da safe yara suna taimakon iyayensu a gona. Da la'asar sai filin unguwa ya cika: wasu suna ƙwallo, wasu suna langa, wasu suna kokowa. A manyan garuruwa kamar Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, unguwanni sukan shirya gasar ƙwallo ta babban hutu. Ƴan wasa ashirin da biyu ne kawai cikin fili. Ƴan kallo kuwa ba su ƙirguwa: abokai, ƙanne, iyaye mata, har da jarirai a goye.

Watan Agusta ya fi kowane wata ruwa a ƙasarmu. A Maraɗi ruwan shekara yakan kai wajen milimita 500, a Gaya wajen 800. Kusan duka cikin wata huɗu yake sauka. Saboda haka sau da yawa ranar wasa takan zamo ranar ruwa.

Wa ya fi jin sanyi?

Ruwa ɗaya ne yake dukan ɗan wasa da ɗan kallo, amma ɗan kallo ya fi shan sanyi. Mi ya sa?

Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Jiki kamar murhu yake, abinci shi ne itacensa. Idan mutum yana gudu, wutar tana ƙaruwa. Ɗan wasa yana gudu, jikinsa yana ta samar da zafi. Ɗan kallo yana tsaye wuri ɗaya, wutarsa kaɗan ce, ga rigarsa ta jiƙe.

Ku tuna da randar gidanku. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska tana busar da shi. Yayin da yake bushewa, sai ya tafi da zafi. Shi ya sa ruwan randa yake da sanyi ko da bazara. Yaro mai jiƙaƙƙiyar riga a cikin iska ya zama kamar randa: rigar tana bushewa, zafin jikinsa yana tafiya. Ruwa ya fi iska saurin janye zafin jiki wajen sau 25. Sai ka ga yaro yana karkarwa, haƙoransa suna haɗuwa. Jikinsa ne yake ƙoƙarin hura wutarsa.

Ƙananan yara sun fi manya saurin yin sanyi. Kunun da ke cikin ludayi yana riga na tukunya hucewa. Idan ka je kallo da ƙanenka ko ƙanwarka, amana ce aka ba ka. Ka riƙa taɓa hannunsa. In ka ji ya yi sanyi, ko ya yi shiru ya daina wasa, ku koma gida nan da nan, ko da wasa ya yi daɗi.

Shiri tun daga gida

Kakanninmu suna da kabido, wanda ake saƙawa da kaba. Yana rufe kai da baya, ruwa ya zirara ƙasa. Yau akwai laima da rigar ruwa. Wanda ba shi da su, sai ya samu buhu mai tsabta, ya tura kusurwa ɗaya cikin ɗayar, ya kifa a kai. Amma kada a taɓa ɗaukar buhun taki ko na maganin ƙwari, domin akwai guba a jikinsu. Kada kuma yaro ya sa kansa cikin leda: tana toshe numfashi.

Ka sa busasshiyar riga da zane cikin leda, ka ɗaure bakinta. Ka sa takalmin roba, domin ƙwalba da ƙaya suna ɓoyewa cikin taɓo. Ka ci abinci kafin ka fita. Murhun da babu itace ba ya ba da zafi.

A bakin fili, kada ku zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ku ba iska baya, ku matsa kusa da juna, ku sa ƙanana a tsakiya. Ku yi tafi, ku yi tsalle, ku ƙarfafa ƴan wasanku. Motsi yana ɗumama jiki.

Idan hadari ya taso

Yayyafi ba ya hana wasa. Hadari mai tsawa kuwa wani abu ne dabam. Yawanci daga gabas yake tasowa. Gari ya yi baƙi, iska mai ƙura ta fara kaɗawa, sannan ruwa ya biyo baya.

Muna ganin walƙiya kafin mu ji tsawa, domin haske ya fi ƙara sauri nesa ba kusa ba. Ƙara tana tafiyar mita 340 cikin sakan ɗaya. Idan ka ga walƙiya, ka ƙirga: duk sakan 3 kilomita ɗaya ke nan tsakaninka da inda aradu ta faɗi. Amma hadari yana da sauri. Da zarar an ji tsawa, sai a tsai da wasa, kowa ya bar fili.

Aradu ta fi faɗa wa abu mai tsawo da ke tsaye shi kaɗai. Kada ku fake ƙarƙashin tsamiya ko dogon yaro. Kada ku tsaya kusa da ƙarfen raga ko turken lantarki. Rumfa tana tare ruwa, amma ba ta tare aradu. Ku shiga ɗaki mai ƙwari, kamar aji ko shago. Ku nisanci tsohuwar katangar ƙasa, domin in ta sha ruwa tana iya faɗuwa. Bayan tsawar ƙarshe, a jira minti 30 kafin a koma fili.

A hanyar gida kada ku tsallake ƙorama mai gudu. Ruwan da bai kai gwiwa ba yana iya kayar da mutum ya tafi da shi. Ku jira ya janye, ko ku nemi babba ya raka ku.

Bayan an koma gida

Ku tuɓe jiƙaƙƙun tufafi tun kafin ku fara ba da labarin wasa. Ku goge jiki da kai, ku sa busassun kaya, ku sha kunu ko koko mai ɗumi. A fara da ƙaramin yaro.

Wasu suna cewa dukan ruwa ne yake kawo zazzaɓin damina. Ba haka ba ne, cizon sauro ne yake kawo shi. Sauro yana hayayyafa cikin ruwan da ya kwanta. Ku kwana cikin gidan sauro. Idan jikin yaro ya yi zafi, a kai shi gidan likita a ranar, kada a jira gobe. Rigakafi ya fi magani.

Mu riƙe

Jiƙaƙƙiyar riga da iska suna janye zafin jiki. Mai tsayuwa ya fi mai gudu jin sanyi, ƙarami ya fi babba. In an ji tsawa, a bar fili.

Kalmomi

damina: la saison des pluies
hadari: l'orage
walƙiya: l'éclair
tsawa: le tonnerre
aradu: la foudre
laima: le parapluie
ɗan kallo: le spectateur
gidan sauro: la moustiquaire

Tambayoyi

1. Wane wata ya fi ruwa a ƙasarmu?
2. Don mi ɗan kallo ya fi ɗan wasa jin sanyi?
3. Yaya randa take sanyaya ruwa?
4. Da mi ake saƙa kabido?
5. Faɗi wurare uku da bai kamata a fake ba lokacin tsawa.
6. Mi yake kawo zazzaɓin damina?

Gwaji

Jiƙa hannunka na dama, ka bar na hagu a bushe. Abokinka ya yi maka fifita a kansu duka biyu. Wane hannu ya fi sanyi? Bayyana dalili.

Lissafi

Wata yarinya ta ga walƙiya. Ta ƙirga sakan 9 kafin ta ji tsawa. Mita nawa ne tsakaninta da inda aradu ta faɗi? Kilomita nawa ke nan?

Rubutu

Gobe za ka kai ƙanenka kallon ƙwallo, ga shi gari da hadari. Rubuta jimla biyar a kan shirin da za ka yi. Sannan ka fassara biyu daga cikinsu da Faransanci.