Kiwon Kifin Mbuna a Akwatin Gilashi

Mbuna kifi ne ɗan dangin karfasa, wanda asalinsa Tafkin Malawi ne, inda yake zaune cikin duwatsu yana cin gansakuka. Namijinsa yakan kama rami guda ya mayar gidansa, duk namijin da ya kusato sai ya far masa. Saboda haka wajibi ne mai kiwo ya jera duwatsu masu ramuka da yawa a akwatin, domin wanda aka kora ya sami maɓoya. In babu, sai a yi ta cizonsa har ya mutu. Akan haɗa namiji ɗaya da mata uku ko huɗu, domin kada ya addabi mace guda.

Aiki: Bayyana dalilin jera duwatsun cikin jimloli biyu.