Idan An Yi Laifi A Gabanka: Yadda Za Ka Kiyaye Shaidarka

Ɓarayi sun haura gida, ko an fizge wa wani waya a bakin titi, kuma ka ga fuskar mai laifin. Ido yana ruɗuwa fiye da yadda muke zato, kuskuren mai shaida kuma yakan kai bawan Allah gidan yari.

1. Rubuta abin da ka gani tun kafin a kwana. Tsawonsa, tufafinsa, tabo ko zanen fuska, har da irin harshensa. In rubutu zai yi wuya, naɗi muryarka a waya, domin kowace kwana tana rage wani abu a ƙwaƙwalwa.

2. Kowa ya faɗi nasa shi kaɗai. Da zarar maigida ya ce mutumin yana da gemu, gobe yara za su rantse sun ga gemun. Ba ƙarya suke yi ba, maganar babba ce ta shiga cikin abin da suka gani.

3. Riƙe haske, nisa da tsawon lokaci. Da wutar lantarki ka gan shi ko da tocila? Taku nawa ne tsakaninku? Waɗannan su ne irin tambayoyin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta shimfiɗa a shari'ar Turnbull a 1976, kotunan Najeriya ma suna aiki da su. In bindigar da ke hannunsa ce ta ɗauke maka ido, faɗi hakan.

4. In ka san shi tun da, ambaci sunansa a bayaninka na farko. Sunan da ya fito bayan makonni, lauya zai tambaye ka inda ya maƙale, alƙali kuma zai yi shakka.

5. Kauce wa hotunan da ake yaɗawa a WhatsApp. Fuskar da ka kalla sau goma a waya tana iya maye wadda ka gani sau ɗaya cikin firgici.

6. In 'yan sanda sun jera mutane, ba dole ka nuna wani ba. Wataƙila mai laifin ba ya cikinsu, kuma kama da wane ba wane ba ne. A 1984, wata ɗaliba a jihar North Carolina ta Amurka ta nuna Ronald Cotton a matsayin wanda ya yi mata fyaɗe, ba ta da ko ɗigon shakka. Ya shafe fiye da shekara 10 a kurkuku kafin gwajin DNA ya wanke shi a 1995, mai laifin kuwa wani ne dabam. Wannan labari yana taɓa ni, domin da zuciya ɗaya ta yi shaidar.

Ɗan'uwa, in ba ka tabbata ba, ka ce ba ka tabbata ba, ko a caji ofis ko a gaban alƙali.