Darasi na Tara: Sayen Tsofaffin Kayan Jere a Gombe

Idan ka shiga ɗakin wata dattijuwa a Jekadafari ko Pantami, wataƙila ka ga tasoshin tagulla da akusa da faya-fayai an jera su gwanin sha'awa. Da irinsu ake yi wa amarya jere a da, kafin tangaran da roba su cika gari. Yau kuwa masu ƙawata falo nemansu suke yi ido rufe.

Ba kasafai ake samunsu a kanti ba. Dillalai mata ne ke bin gida-gida da su, wasu kayan kuma sukan faɗa hannun 'yan gwangwan, waɗanda nauyi kawai suke saye.

Kafin ka taya, duba da kyau. Kanga maganaɗisu a jikin tasa. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka shafe, domin tagulla ba ta kama shi. Akushi kuma kife shi ka ƙwanƙwasa. In gari ya zubo daga ƙananan ramuka, ƙwaro ya riga ka. Sa'an nan ka tambayi asalin kayan. Sau da yawa na gado ne, kuma in ba a raba gadon ba, magada na iya biyo ka har gida.

Kayan tarihi da aka tono daga ƙasa, kamar mutum-mutumin Nok, dokar 1979 ta hana cinikinsu ba tare da izinin hukuma ba.

Tambayoyi
1. Yaya za ka gane tasar tagulla ta gaske?
2. Me ake nufi da "ƙwaro ya riga ka"?