Dukiyar Baitulmali Da Hakkin Talaka Na Bin Sawunta

 Darasinmu na wannan mako a kan dukiyar jama'a yake, wato kuɗin da ake warewa domin asibiti da makaranta da rijiya, da kuma hukuncin mutanen gari idan suka tashi suna tambayar inda kuɗin ya maƙale. Da yawa daga mutanenmu na Ɗan Isa da kewaye suna ɗaukar irin wannan tambaya rashin kunya ce ga magabata, wasu kuma suna ganin roƙo ne. Shari'a ba ta ɗauke ta ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Abin da ke cikin baitulmali ba na shugaba ba ne, ajiya ce aka ba shi. Aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni da mayar da amanoni ga masu su, kuma aya ta 161 ta Ali Imrana ta yi gargaɗi cewa wanda ya yi gululu, wato ya ɓoye wani abu na dukiyar jama'a, zai zo ɗauke da shi ranar Alƙiyama. Hadisin Tamimud Dari da Muslim ya ruwaito kuwa ya sanya nasiha ga shugabanni cikin addini. Malaman luga sun ce Larabawa kan yi amfani da tushen kalmar nasiha wajen tace zuma daga kaki, da kuma ɗinke tufa da ta yage. Ashe ke nan mai yi wa shugaba nasiha maɗinki ne, gyara ya kawo shi.

Malaman tarihi sun kawo cewa wata rana da dare Sayyadina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, yana gadin wani ayarin fatake a Madina, sai ya ji jariri yana ta kuka. Ya je ya yi wa uwar magana, ya koma, kukan bai tsaya ba. Da ya matsa mata, ita kuwa ba ta san ko wane ne ba, sai ta ce yaye take yi masa da ƙarfi tun lokaci bai yi ba, domin Umaru ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Da aka idar da sallar Asuba, yana kuka, ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabo tun ranar haihuwarsa, ya kuma aika wa gwamnoninsa da haka. Ku lura, ba majalisa ce ta gano aibin dokar ba. Mace ɗaya ce da abin ya shafa ta faɗi gaskiyar halin da take ciki.

Kada wani ya ce wannan sai zamanin Sahabbai, domin mun ga irinsa a nan Zamfara. A shekarar 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Aka tsabtace wasu ƙauyuka, Bagega ta yi saura. Likitocin ƙungiyar MSF ba su da halin fara magani a can, saboda yaron da aka yi wa magani ya koma wasa cikin ƙasa mai guba, aikin banza aka yi. A watan Mayu na 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850, amma wata da watanni shiru. Sai wasu samari, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka kafa yunƙurin Follow the Money, wato bin sawun kuɗi, suka haɗa murya da ƙungiyoyin kare hakkin ɗan Adam da 'yan jarida. A ƙarshen Janairun 2013 aka saki kuɗi, aka kwashe ƙasar, sa'an nan aka fara yi wa yara magani. Ba su ƙona mota ba. Adadin kuɗin da ranar alkawarin suka riƙe, suka yi ta maimaitawa.

Mu ma a wannan yanki muna da abin tambaya. Binciken da MSF da Ma'aikatar Lafiya suka yi a Shinkafi da Zurmi a watan Yunin 2024 ya nuna kimanin yaro ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. Alhali Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin lafiya a matakin farko, kuma ana tura wani kaso zuwa asusun ƙananan asibitocin da aka zaɓa. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. To, mutum nawa ne a mazaɓarku suka san abin da ya shigo Ƙaura Namoda a watan jiya?

A ganina wannan aiki farillar kifaya ne: idan wasu suka tsaya masa ya faɗi a kan sauran, idan kowa ya yi shiru kowa ya ɗauki rabonsa na laifi. Amma fa yana da ladubba. Kada a tuhumi kowa da sata ba tare da hujja ba, domin ƙazafi ma zunubi ne. A je cikin jama'a, da liman da mai unguwa da wakiliyar mata, musamman ma mata, tun da su ne ke kwana da yaro marar lafiya. A fara da kwamitin ci gaban mazaɓa da kansila kafin a wuce ga ciyaman. A rubuta koken a takarda, a sa kwanan wata, a nemi wanda ya karɓa ya sa hannu a kwafin da za a dawo da shi gida. Idan aka ce a dawo bayan mako biyu, ranar da mako biyu ya cika a koma da takardar.